2.3 Tarihin Kare Namun Daji Masu Shayarwa a Arewacin Nijeriya

A wannan fasali za a yi ƙoƙarin bin diddigin matakan da hukumomi suka ɗauka domin kare namun daji masu shayarwa a Arewacin Nijeriya, tare da duba irin sakamakon da matakan suka haifar.

Harshen Hausa kansa shaida ne a kan yawan waɗannan dabbobi a da. Bahaushe ya bambanta gwanki da kanki da mariya da mazo da barewa da gada, kowanne da sunansa. Haka kuma ya san giwa da ɓauna da dorina da karkanda da raƙumin dawa, ga zaki da damisa da kura da kyarkeci. Farauta kuwa sana'a ce mai tsari, tana da lokacinta a cikin rani, tana kuma da shugabanninta irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara shigo da doka a rubuce, kamar ta shekarar 1916, inda aka hana kashe wasu dabbobi sai da lasisi. Bayan samun 'yancin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1963. Daga baya gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 11 ta 1985, wadda ta shafi fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Mataki na biyu shi ne keɓe gandun daji. An keɓe dajin Yankari a ƙasar Bauchi a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A 1979 aka haɗe dajin Borgu da na Zugurma suka zama gandun Tafkin Kainji. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓi Yankari, ta kuma kafa gandun Gashaka-Gumti, sannan a 2006 Yankari ya koma hannun Jihar Bauchi.

Duk da waɗannan matakai, dabbobin sun ci gaba da raguwa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da faɗaɗar gonaki, da kwararar shanu cikin dazuzzuka, da yawaitar bindigogi, duk sun taru sun matse musu wurin zama. Baƙin karkandan Afirka ta Yamma, wanda ragowarsa ta ƙarshe ta rayu a Arewacin Kamaru, an tabbatar da ƙarewarsa a 2011. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma ya ɓace daga Nijeriya, sai a yankin Kure na Jamhuriyar Nijar ne ya tsira. A can ma bai kai 50 ba a 1996, amma da hukuma da manoman yankin suka haɗa kai wajen tsaronsa, ya haura 600. Zaki kuwa, ragowarsa a Nijeriya ta taƙaita ga Yankari da Kainji.

Daga bayanan da suka gabata za a iya fahimtar cewa doka a takarda ba ta hana wata dabba ƙarewa ba. Dabbobin da suka rage sun rage ne a inda aka keɓe musu ƙasa, aka sa masu gadi, aka kuma jawo mazauna gefen daji a jiki. Fasali na gaba zai dubi matsayin mafarautan gargajiya a cikin wannan tsari.