Amsoshin Wasiƙunku: Wuta A Cikin Ƙanƙara Da Asalin Duwatsun Dutse

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi mai sayar da hatsi a kasuwar Shuwarin. Ya ce gardama ce ta kaure a rumfarsu. Ɗansa ɗan makaranta ya ce akwai wata ƙasa da ƙanƙara ta rufe ruf, amma a cikinta akwai dutse mai aman wuta. Dattawan rumfa suka ce atafau, wuta da ruwa ba su zama ɗaki ɗaya. Shi ne yake tambaya: ina wurin yake, su wa suka fara zuwa, kuma shin duwatsun da suka kewaye garin Dutse ba za su tashi da wuta wata rana ba? Ya ce gonarsa a gindin dutse take, shi ya sa abin ya dame shi.

To Malam, yaron nan gaskiya ya faɗa. Sunan ƙasar Antaktika, tana can ƙuryar kudancin duniya. Girmanta ya yi kamar Nijeriya sau 15, kaurin ƙanƙarar da ta lulluɓe ta kuwa ya kai wajen kilomita 2. A gefenta akwai wani tsibiri da ake kira Ross, wanda duwatsu masu aman wuta ne suka gina shi. Babbansu shi ne Erebus, tsawonsa mita 3,794. Har yau a cikin bakinsa akwai tafkin narkakken dutse yana tafasa, alhali jikinsa duk ƙanƙara ce. Dalili kuwa, zafin daga can ƙarƙashin ƙasa yake tasowa, ba ruwansa da sanyin da ke sama. Kamar dai tuwo ne da ya kwana a tukunya mai kauri, sama ya huce, ciki da zafinsa, sai dai wannan tukunya wutarta ba ta mutu ba.

Daga jikin tsibirin nan wani siririn zirin ƙasa ya miƙe cikin teku ta kudu maso yamma, tsawonsa wajen kilomita 24. Ruwa ya kewaye shi ta fuska uku, amma galibin shekara ruwan a daskare yake. Ƙasarsa baƙin dutse ne da tsofaffin ramukan aman wuta. Ana kiransa Hut Point, watau tsinin bukka, za ku ji dalili. A can rana takan faɗi a ƙarshen Afrilu, ba a sāke ganinta sai ƙarshen Agusta. Daga ƙarshen Oktoba kuma zuwa Fabrairu ba ta faɗuwa sam. Babu bishiya, babu gona, babu wata ƙabila da ta taɓa zama.

Wanda ya fara ganin wurin shi ne wani hafsan jiragen ruwan Ingila, James Clark Ross, a watan Janairun 1841. Ya zo da jirage biyu masu tafiya da iska, Erebus da Terror. Da ya hango dutse yana fitar da hayaƙi da wuta, sai ya raɗa masa sunan jirginsa, na kusa da shi kuma wanda ya mutu ya ba shi sunan ɗaya jirgin. Bai sauka a can ba, har ma ya ɗauka wurin haɗe yake da babbar ƙasa.

Sai bayan shekara 61 aka sami masu zama. A Fabrairun 1902 Kyaftin Robert Scott ya iso da jirginsa Discovery, ya ɗaure shi a ƙarshen zirin nan, suka kafa bukkar katako da suka taho da ita daga Ostireliya. Bukkar irin ta ƙasar zafi ce mai baranda, ta ƙi ɗumi, dole suka ci gaba da kwana cikin jirgi. Ba su yi wata biyu ba suka yi rashi: guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da wani matuƙi mai suna George Vince, ya zame daga gangare ya faɗa teku, ba a ga gawarsa ba. Ƙanƙara kuma ta kama jirgin ta riƙe shekara biyu cur. Domin ku gane zamanin, suna can a maƙale ne Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903. Sai a Fabrairun 1904 jirgin ya kuɓuta, bayan wasu jirage biyu sun kawo ɗauki. Ayarin nan ne ya tabbatar Ross tsibiri ne.

A 1908 Ernest Shackleton, wanda dā yana cikin ayarin Scott, ya dawo da nasa ayari. Mutanensa ne suka fara hawa Erebus har ƙoli a watan Maris na wannan shekara, suka leƙa bakinsa. Shi kuma ya nufi tsakiyar ƙuryar kudu, inda ba wanda ya taɓa takawa. Ran 9 ga Janairu 1909, saura wajen kilomita 180 ya isa, ya lissafa guzurinsa ya ga ba zai kai su ya dawo da su ba. Sai ya juya. Da ƙyar suka iso bukkar Hut Point, amma duk su huɗun da ransu.

Fatake za su fi kowa gane abin da ya biyo baya. A ƙasar da ba ƙauye ba rijiya, madugu sai ya fara zuwa ya binne abinci da mai a zango-zango, domin ya ci a hanyar dawowa. A 1911, zamanin da layin dogo ya iso Kano, Scott ya komo. Ya yi niyyar ajiye babban rumbunsa a wani wuri can kudu, amma gajerun dawakin da ke jan kayansa suka gaza, sai ya sauke kayan saura fiye da kilomita 50 a kai inda aka shirya. Ana haka wani ɗan ƙasar Norwe, Roald Amundsen, ya taso ta wata hanya da karnuka masu jure sanyi, ya isa ƙuryar kudu ran 14 ga Disamba 1911, ya koma lafiya. Scott da mutum huɗu suka isa ran 17 ga Janairu 1912, suka tarar an riga su. A hanyar dawowa biyu suka mutu. Sauran ukun, har da Scott, yunwa da sanyi suka kashe su cikin tanti a ƙarshen Maris, saura kilomita 18 kacal su kai rumbun nan. A Janairun 1913 abokansu suka kafa musu alama ta katako a kan wani tudu na Hut Point, tana nan har yanzu.

Yau zirin nan shi ne wuri mafi jama'a a Antaktika. Amurka ta kafa sansanin bincike na McMurdo a 1955 zuwa 1956, inda mutane kan kai wajen 1,000 a watannin rana. Niyu Zilan ta kafa nata a 1957. Bukkar Scott na tsaye, sanyi ya hana ta ruɓewa. A 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu cewa ba yaƙi a Antaktika sai bincike, a 1991 kuma aka hana haƙar ma'adinai. Amma haɗari bai ƙare ba, domin ran 28 ga Nuwamba 1979 wani jirgin sama na masu yawon buɗe ido ya daki Erebus, mutum 257 suka rasu.

Saura batun gonarka. Masana ilimin duwatsu sun sa duwatsun Dutse da na Shira cikin wani jeri da ya taso daga Azbin a Nijar ya gangara har Jos. Sun ce saiwar tsofaffin duwatsu masu aman wuta ce. Na Dutse sun yi shekara wajen miliyan 200. Narkakken dutsen ya daskare tun tuni a ƙarƙashin ƙasa, ruwa da iska suka cinye saman, abin da ya rage shi muke gani. Ashe dai tsoronka na da tushe, sai dai wutar ta daɗe da mutuwa. Mai rai mafi kusa da mu da aka sani shi ne Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Saboda haka yi nomanka hankali kwance. Abin lura a gindin dutse shi ne zaizayar ruwan damina da gangarowar duwatsu.

A gaya wa dattawan rumfa yaro ya ci gardama. Su kuma in sun tashi ba shi labarin fatake, su haɗa masa da na Shackleton da Scott: ɗaya ya auna guzurinsa ya juya, ɗaya ya ajiye rumbunsa nesa da inda zai buƙace shi. Wanda ke shirin sayar da hatsinsa kaf da kaka, ya tuna akwai Agusta a gaba.