Tarihin Wasannin Dabarun Yaƙi a Sararin Samaniya

Wannan rukuni ne na wasannin kwamfuta inda ɗan wasa ke haƙo ma'adinai, ya ƙera jiragen yaƙi, ya tura su tsakanin duniyoyi, shi da abokin karawarsa kowa na motsi a lokaci guda, ba wanda ke jiran wani ya gama. Tun farko abu ɗaya ya addabi masu ƙirƙirar irin waɗannan wasanni: sararin samaniya fili ne fetal. Babu tudu, babu kogi, babu mashigar da za a tare. A irin wannan fage duk wanda ya fi yawan jirage shi ke da nasara, dabara kuwa ba ta da wurin zama.

Wasannin farko kauce wa matsalar suka yi. Dune II na kamfanin Westwood, wanda ya fito a 1992, da StarCraft na Blizzard a 1998, duk labarin wasu duniyoyi suke bayarwa, amma a doron ƙasa ake gwabzawa. StarCraft ya samo zurfinsa ne daga al'ummomi uku, Terran da Zerg da Protoss, kowace da salon yaƙinta.

A 1999 kamfanin Relic da ke birnin Vancouver na Kanada ya fitar da Homeworld, wanda ya kai yaƙin cikin sararin kansa. Jirgi na iya hawa sama ko ya nutsa ƙasa, ya afka wa maƙiyi ta inda bai zata ba. Wannan ne ya ja hankalin jama'a, sai dai ba shi ne babbar gudummawar wasan ba. Rundunar da ta tsira daga wani mataki da ita ake shiga na gaba, don haka jirgin da aka yi sakaci ya tarwatse yau, gobe za a ji rashinsa. Ƙananan jirage kuma mai na ƙare musu, dole su koma su sha. Ana ma iya kama jirgin abokin gaba a ja shi gida ya zama naka. Homeworld 2 na 2003 ya yi watsi da batun mai, kuma da wuya a ce wasan ya ƙaru da hakan.

Sins of a Solar Empire, wanda Ironclad Games ya ƙirƙira a 2008, ya ɗauko tsarin gina daula irin na Master of Orion na 1993, wanda bi da bi ake buga shi, ya zuba shi cikin wasan da agogonsa ba ya tsayawa. Ya haɗa duniyoyi da ƙayyadaddun hanyoyi, ta yadda duniya guda za ta iya zama ƙofar daula sukutum. Har 'yan fashi ya sa, waɗanda ake zuba wa kuɗi su far wa maƙwabci. A 2009 AI War na Arcen Games ya zo da wata hikimar: duk duniyar da ka ƙwace tana ƙara fusata kwamfutar da kake yaƙa, saboda haka haɗama ita ke jawo halaka.

Stellaris na kamfanin Paradox da ke Suwidin ya fito a 2016 da hanyoyin tafiya iri uku tsakanin taurari. A 2018 kamfanin ya taƙaita su, kowa ya koma farawa da bin layukan da aka shata. 'Yan wasa da dama sun yi ƙorafin an tauye musu 'yanci, amma daga nan ne kafa sansani a bakin iyaka ya fara amfani, tunda maƙiyi ba zai ƙara tsallake shi cikin sauƙi ba. Sins of a Solar Empire II na 2024 ya sa duniyoyin suna kewaya taurarinsu, hanyoyin da ke tsakaninsu na sauyawa ana cikin wasa, har iyakar da aka killace ta iya buɗewa ta bayan gida.