Tarihin Ƙarfe Marar Tsatsa a Ƙirar Kayan Jiragen Ruwa

Ƙarfe marar tsatsa shi ne wanda aka gauraya da sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kuromiyom ɗin kan haɗu da iskar oksijin ya yi wa ƙarfen siririn rufi da ido ba ya gani, in an karce shi kuma ya sake rufewa da kansa.

A 1912 kamfanin Krupp na Jamus ya yi rajistar haɗin kuromiyom da nikel da Eduard Maurer da Benno Strauss suka samar. A 1913 Harry Brearley ya narka nasa a Shefil ta Ingila, wajen neman ƙarfen bututun bindiga da ba ya cinyewa da wuri, amma masu ƙera wuƙaƙen cin abinci ne suka fara morarsa. W. H. Hatfield ya fito da haɗin 18/8 a 1924, wanda shi ne tushen samfurin 304.

Da aka kai shi teku sai sunan ya zama na banza. Gishiri yakan huda rufin ya bar ƙananan ramuka, musamman ƙarƙashin noti ko cikin tsagar da ruwa ke kwanciya ba iska. Sai ka ga sandar farfela tana ƙyalli, alhali inda roba ta rungume ta duk ya rarake. Don rage wannan ɓarna, ƙarin molibdenom kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ne ya haifar da samfurin 316, da 316L mai ƙarancin kabon saboda walda. Kamfanin Avesta na Suwidin ya fara yin samfurin duplex a 1930, amma bai yaɗu ba sai daga shekarun 1970, da zuwan nau'insa na 2205 da aikin haƙar mai a Tekun Arewa. Ƙarfinsa ya kusan ninka na 316.

Wahalar ta koma kan mai injin sassaƙa. Ƙarfe marar tsatsa ba ya watsa zafi sosai, sai ya tara shi a bakin wuƙar injin. In wuƙar ta dakushe tana goga maimakon yanka, nan take wurin ya daɗa tauri. Shi ya sa ƙwararru ke rage gudun injin, su zurfafa yanka, su yi ta kwarara ruwan sanyayawa. An yi samfurin 303 da ƙarin farar wuta don sauƙin yanka, sai dai farar wutar ce ke buɗe wa gishiri ƙofa. Mai ƙera ƙusar jirgi da shi ya sauƙaƙa wa kansa ne, ya bar matuƙin da gyara.