Gidan Rumfa da Kufan Surame

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. A zamanin da attajiran Italiya ke gina manyan gidajensu da dutse, maginan Kano da tubali da azara suka yi aikinsu. Sarakunan da suka biyo baya sun yi ta ƙari, har Abdullahi Maje Karofi ya gina Ƙofar Kudu a ƙarni na 19. Yau gidan ya kai kimanin eka 33, kuma har gobe nan ce fadar Kano.

Mu ma a ƙasar Kabi muna da namu. Muhammadu Kanta ya gina Surame a farkon ƙarni na 16, ya kewaye ta da ganuwar dutse. Da sarauta ta koma Birnin Kebbi wajen 1700, sai Surame ta zama kufai.

Dutse ya fi laka ƙarfi, amma gidan laka ne ya rayu, domin bai taɓa rasa mazauna masu yaɓe shi kafin damina ba. Mu da ke tara kuɗin ginin majami'a, sai mu tambayi kanmu: wa muke reno da zai riƙe ta bayanmu?