Yankunan wiskin Skotland

Yankunan wiskin Skotland sassa biyar ne da dokar Birtaniya ta shekarar 2009 ta amince a rubuta sunansu a jikin kwalba domin nuna inda aka tace wiskin. Su ne Highland, Lowland, Speyside, Islay da Campbeltown. Wiski barasa ce mai ƙarfi da ake yi da hatsi, musamman sha'ir. Dokar ta ce ba za a kira shi na Skotland ba sai ya yi aƙalla shekara 3 a cikin gangar katakon ok a ƙasar, kuma ƙarfinsa bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Ana yawan cewa kowane yanki da irin ɗanɗanonsa. Akwai gaskiya a ciki, amma yadda aka sarrafa wiskin ya fi wurin da aka yi shi tasiri.

Suna da tarihi

Kalmar wiski ta fito ne daga "uisge beatha" na harshen Gelik, ma'ana ruwan rai. Yawancin sunayen matatun ma daga harshen suke. "Glen" da ke farkon Glenfiddich da Glenlivet na nufin kwari, shi ya sa ya yi yawa.

Haraji ne ya fara raba ƙasar, ba ɗanɗano ba. A 1784 gwamnati ta ja layi tsakanin tsaunukan arewa da filayen kudu, ta sassauta wa masu ƙananan tukwane na arewa haraji, daga baya kuma ta hana su sayar da kayansu a kudancin layin. Duk da haka tacewa a ɓoye da fasa-ƙwauri sun ci gaba har zuwa dokar 1823, wadda ta sauƙaƙa samun lasisi. George Smith na Glenlivet ya karɓi nasa a 1824. Har yau layin yana nan, daga wajen Greenock a yamma zuwa wajen Dundee a gabas.

Yankunan

Highland shi ne mafi faɗi, kuma saboda faɗin nasa ba a iya ba shi siffa ɗaya. Tsibirai irin su Skye da Orkney da Jura a cikinsa doka ta sa su, ko da yake 'yan kasuwa kan ware su daban. Lowland an san shi da wiski mai sauƙi marar hayaƙi. Matatar Auchentoshan kusa da Glasgow tana tacewa sau uku, maimakon sau biyu da aka saba.

Speyside ƙaramin yanki ne a kewayen kogin Spey, a arewa maso gabas, amma yana da matatu kusan 50. A nan Glenfiddich da Glenlivet da Macallan suke. Wiskinsa yakan yi zaƙi-zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace.

Islay, wanda ake furtawa "Aila", tsibiri ne a yamma, kuma shi ya fi kowane yanki yin suna da ɗanɗano na musamman. Dalilin shi ne fit, wata baƙar ƙasar fadama da ta samu daga ruɓaɓɓun tsirrai cikin dubban shekaru, wadda ake yankawa a busar a yi makamashi da ita. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, kamar yadda ake yi wa dawar burukutu, sannan a busar da shi a kan wutar fit. Hayaƙin yana kama ƙwayar, ya bi ta har cikin kwalba. Laphroaig da Lagavulin da Ardbeg, da ke jere a gaɓar kudu kusa da Port Ellen, su ne aka fi sani da wannan.

Campbeltown gari guda ne a zirin Kintyre. A ƙarni na 19 an kafa matatu fiye da 30 a cikinsa, amma yawancinsu sun rufe zuwa ƙarshen shekarun 1920. Springbank da Glen Scotia ne suka tsira, sai Glengyle da aka sake buɗewa a 2004.

Iyakar wannan rabo

A kan Islay ɗin kanta, yawancin wiskin Bunnahabhain ba shi da hayaƙi, ita kuwa Bruichladdich tana yin marar hayaƙi da kuma Octomore, wanda yana cikin mafi hayaƙi a duniya, duk a gida ɗaya. Siffar tukunyar jan ƙarfe ma tana da nata rabo: mai dogon wuya, irin ta Glenmorangie, tana ba da wiski mai sauƙi. Sai ganga. Mafi yawan gangunan daga Amurka ake kawo su bayan an ajiye wiskin bourbon a cikinsu, wasu kuma daga Sifaniya bayan sun ɗauki giyar sheri, kuma daga katakon ne launi da kaso mai yawa na ɗanɗano suke fitowa. Matatar Glengoyne ta fi komai nuna raunin layin 1784: tukwanenta suna Highland, ɗakunan ajiyarta kuma suna tsallaken titi, a Lowland.

Ziyarar matatu

Glenfiddich ce ta fara buɗe cibiyar baƙi a 1969, kuma yanzu matatu da dama suna karɓar masu yawon buɗe ido. Yawanci ana zagayawa da baƙo daga wurin niƙa sha'ir zuwa randunan da ake zuba yisti, zuwa tukwane, zuwa ɗakin ganguna, a ƙare da ɗanɗanawa ga wanda yake so. Speyside ta fi sauƙin zagayawa domin matatun suna kusa da juna, kuma a Craigellachie akwai wurin gyaran ganguna da ake iya kallon masu aikin. Zuwa Islay sai da jirgin sama ko jirgin ruwa daga Kennacraig, tafiyar kimanin awa 2. Bikin tsibirin, Fèis Ìle, ana yin sa a ƙarshen watan Mayu, lokacin da masauki kan yi wuya. Tun Disamba 2014 Skotland ta rage adadin barasar da aka yarda a samu a jinin direba zuwa miligiram 50 a cikin mililita 100, ƙasa da 80 na Ingila, don haka matatu da yawa suna zuba wa direba rabonsa a ƙananan kwalabe ya tafi da shi.