'Yan Kama a Birnin Zazzau

A shekarar 1956 mai shirya fim na Rasha Eldar Ryazanov ya tara mawaƙa da 'yan rawa da masu barkwanci cikin fim ɗinsa Karnavalnaya Noch, Rasha ta yi ta dariya. Birnin Zazzau kuwa ya daɗe da masu sana'ar barkwanci tun kafin zuwan majigi.

Su ne 'yan kama. A kasuwa ko wurin biki, ɗan kama zai ɗauki waƙar babban makaɗi ya juye ta zuwa yabon tuwo da miya, ko ya gyara zama kamar malami yana karatu, amma duk babin na fura da nama ne. Har malaman kan murmusa. A 1967 Bature C.G.B. Gidley ya rubuta nazari kan 'yankamanci.