Labarin Dalmar 'Yargalma, Inda Aka Fara Yi Wa Ƙasa Magani Kafin Yaro

Ya ku 'yan makaranta, labarin da za mu ba ku yau ba na yaƙi ba ne, amma ya ci rayuka kamar yaƙi. A yammacin Zamfara aka yi shi, watau ƙasar Bukkuyum da ta Anka, maƙwabtan Gummi.

Mutanen wannan ƙasa manoma ne da makiyaya tun kaka da kakanni. Amma Allah ya ajiye zinariya cikin duwatsunsu, tun zamanin Turawa ma ana taɓa haƙar ta. Da shekara ta 2009 ta zo, sai kuɗin zinariya ya hau a kasuwannin duniya, har oza guda ta wuce dala 1,000. Talaka ya duba ya ga abin da buhun dutse zai ba shi ya fi na buhun gero nesa ba kusa ba. Wa zai ga laifinsa? Sai samari suka dinga shiga ramuka, suna ɗebo dutse suna kawowa cikin gari.

To, ga yadda ake aikin. A farfasa dutsen da guduma, a zuba shi cikin injin niƙa irin na hatsi, ko mata su daka a turmi a tsakar gida, har ya zama gari. Sa'an nan a wanke a bakin tafki, a sa zaiba ta kama zinariyar, a shanya sauran a inda ake shanyar tsaba. Ashe dutsen nan cike yake da dalma, ba wanda ya sani. Ƙurarsa ta bi iska, ta sauka bisa daɓe da tabarma da ƙwaryar abinci.

Agwagi ne suka fara ba da labari. A farkon 2010 aka ga suna ƙarewa a ƙauyuka, amma ba wanda ya kula, don wa zai yi makokin agwagwa? Ba a daɗe ba abin ya faɗo kan yara ƙanana. Yaro ya kama amai da ciwon ciki, ya yi ta shiɗewa, kafin a ce me ya cika. Dalili kuwa shi ne, mai rarrafe a ƙasa yake wuni, kome ya taɓa sai ya kai baki, jikinsa kuma ya fi na babba saurin shan dalma, ita kuwa ƙwaƙwalwa take nufa.

Cikin watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda ke yawon neman masu sanƙarau, suka iske sababbin kaburburan yara jere. Aka gwada maganin zazzaɓin sauro, bai yi ba. Sai da aka aika da jini ƙasar Turai aka auna, kana gaskiya ta fito. Masana daga Amurka suka bi gida gida a 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum da Dareta ta ƙasar Anka, suka ƙidaya. Cikin yara 463 da ba su kai shekara biyar ba, 118 sun rasu a shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. A ƙasar duka an kimanta waɗanda suka rasu sun kai 400. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu ku kasa kunne, ga inda darasin yake. Likitoci suna da ƙwayar da ke jawo dalma daga jini, aka kuwa buɗe wuraren jiyya a Bukkuyum da Anka. Amma suka ce, in an warkar da yaro aka mai da shi tsakar gidan da ta sa masa ciwon, an yi aikin banza, gama dalma ba ta ruɓewa kamar taki, tana nan cikin turɓaya shekara da shekaru. Saboda haka tilas a fara yi wa ƙasa magani.

Haka aka yi. Sarakuna suka yi umurni a fitar da niƙan dutse bayan gari. Daga watan Yuni na 2010 mutanen gari da kansu suka ɗauki fartanya da shebur da baro, masana na nuna musu. Su kankare fuskar ƙasa ɗaki ɗaki, zaure zaure, su kai wani babban rami su binne, su kawo sabuwar ƙasa mai tsabta su shimfiɗa. Da 'Yargalma da Dareta aka fara, sa'an nan Tungar Guru da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi ta jiran kuɗi har 2013, yaranta na zaune cikin guba, ba halin a fara ba su magani. Duka duka gidaje da wuraren aiki 820 aka gyara a ƙauyuka takwas. Dubban yara suka sami magani suka rayu, ko da yake waɗansu ciwon ya bar musu makanta ko raunin hankali.

Da ma an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma a 2015 sai ga irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Kada ku ce zinariya ce mugun abu. Arziki ne Allah ya ajiye, kamar gona. Sai dai ƙasa amana ce, abin da muka zuba mata shi za ta mayar wa 'ya'yanmu. Gobe ku ne malaman asibiti da hakimai da ma'aikatan gona. In kun ga ana niƙa dutse kusa da gida, ku ce a kai shi nesa, a jiƙa shi da ruwa don kada ƙura ta tashi, mai aikin kuma ya yi wanka ya sake tufa kafin ya ɗauki ɗansa. In kuma kun ga dabbobi ko tsuntsaye na mutuwa ba dalili, kada ku raina, ku kai labari. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri, amin.